Gidan Tsoro a Lokacin Annoba: Nazari kan Bikin Halowin a Wuraren Shaƙatawa

A ranar 24 ga Yulin 2020 kamfanin Universal ya ba da sanarwar cewa saboda annobar korona ya soke Halloween Horror Nights, bikin tsoratarwa da yake shiryawa duk kaka a wuraren shaƙatawarsa na Orlando da Hollywood a Amurka. A Orlando shekarar ce za a yi karo na 30, domin tun 1991 aka fara. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, a lokacin da aka yi sanarwar wurin na Orlando a buɗe yake. Tun 5 ga Yuni aka dawo da karɓar baƙi, jiragen lilo suna gudu, gidajen abinci suna sayarwa. Kamfanin da ya amince mutane su shigo da rana su hau lilo ya ga ba zai iya tara su da dare su shiga gidan tsoro ba. Wannan bambancin shi ne abin da nazarin nan yake son bin diddiginsa, domin a cikinsa amsar tambayar take: shin wurin shaƙatawa zai iya gudanar da wasannin Halowin alhali annoba tana ci?

Halowin biki ne na daren 31 ga Oktoba. Asalinsa ya haɗa tsohon bikin ƙarshen girbi na mutanen Ailan da Sikotlan da jajibirin ranar tunawa da waliyyai ta Kiristoci, kuma baƙin haure daga waɗannan ƙasashe ne suka kai shi Amurka a ƙarni na 19. Yara kan yi shigar dodanni da fatalwowi su bi gida-gida ana ba su alewa, kusan yadda 'yan tashe ke yi a wajenmu cikin azumi. A yau bikin ya zama babbar kasuwa. Ƙungiyar 'yan kasuwar sayar da kaya ta Amurka ta ƙiyasta cewa an kashe dala biliyan 8.8 a kansa a 2019, kuma ko a shekarar annobar ƙiyasinta bai sauka ƙasa da biliyan 8 ba.

Wuraren shaƙatawa sun shiga harkar ne saboda buƙata. Da zarar hutun bazara ya ƙare yara sun koma makaranta, ciniki yakan ja baya. Knott's Berry Farm da ke Kalifoniya ne ya nuna hanya a 1973, lokacin da ya mai da wurinsa fagen tsoratarwa na 'yan darare. Daga nan sauran suka bi sahu, har ta kai manyan wurare suna shafe Satumba da Oktoba suna bikin, da tikiti na daban wanda ba na rana ba. Wato wuri ɗaya ana sayar da shi sau biyu a yini guda. Ga kamfanin da ya riga ya yi asarar watanni a kulle, barin wannan kuɗi ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk wanda zai yi musu hukunci ya kamata ya fara da sanin haka.

Sai mu duba yadda gidan tsoro yake daga ciki. Ana gina shi ne a cikin babban ɗakin ɗaukar fim ko tanti, a yanka shi zuwa lunguna ƙunci masu lanƙwasa, yadda mai tafiya ba zai ga abin da ke gabansa ba. Babu taga, domin haske yana kashe tsoro. Ana busa hazo na inji, ana rataye tsummoki da zaruruwa a bakin kowane lungu don su shafi fuskar mai wucewa, kuma duk wanda ya wuce fuskarsa za su shafa. A manyan wurare ba a shigar da mutane rukuni-rukuni, layi ɗaya ne ke kwarara ba yankewa, kowa ƙirjinsa na bayan na gabansa. A jikin bango akwai ramuka da ƙananan ƙofofi inda 'yan wasa ke ɓoye. Aikin ɗan wasa shi ne ya jira sai baƙo ya iso daidai ƙofarsa, ya faɗo da ƙara, fuskarsa kusa da ta baƙon. Baƙon ya kurma ihu, ya ja da baya ya faɗa kan na bayansa, ko ya riƙe hannun wanda bai sani ba. Sai ɗan wasan ya koma raminsa, bayan 'yan daƙiƙu ya sake faɗowa wani.

Idan aka jera abubuwan da wannan wasa ya dogara a kansu, za a ga rufaffen ɗaki ne, da matsi, da kusantar fuska, da ihu. Cire kowanne daga ciki yana rage abin da baƙo ya biya kuɗi dominsa. Jirgin lilo ana iya barin kujera ɗaya fanko tsakanin mahaya, gudunsa bai ragu ba. Gidan abinci ana iya fitar da tebura waje, ɗanɗanon abinci bai canja ba. Gidan tsoro kuwa hajar da yake sayarwa ita ce ainihin abin da likitoci suka ce a guje wa.

A farkon annobar hankali ya fi karkata ga wanke hannu da goge ƙarafa da kujeru. Amma shaidu sun yi ta taruwa cewa iskar ɗaki ita ce babbar hanyar yaɗuwa. Tun a 2019 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka wallafa sakamakon da ya nuna cewa yawan ƙananan ɗigon da ke fita daga baki yana ƙaruwa gwargwadon ɗaga murya. A ranar 10 ga Maris 2020 wata ƙungiyar mawaƙa a gundumar Skagit ta jihar Washington ta yi atisaye na awa biyu da rabi a cikin ɗaki. Mutum 61 suka halarta, ɗaya yana da alamun ciwo, daga baya 53 suka kwanta, biyu suka rasu. A watan Yuli masana 239 suka sa hannu a wasiƙa suna kira ga Hukumar Lafiya ta Duniya da ta amince cutar tana yawo a iska, kuma a ranar 5 ga Oktoba hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta amince da hakan a rubuce. Idan waƙa tana iya yin wannan ɓarna, babu dalilin tsammanin ihun mai firgita zai fi ta sauƙi.

Shi ya sa shawarar da CDC ta fitar kan Halowin a watan Satumbar 2020, daidai lokacin da adadin mamata a Amurka ya haura 200,000, ta yi rabe-raben da ya dace. Ta sa shiga rufaffen gidan tsoro, inda mutane ke cunkushe suna ihu, a jerin abubuwa masu babban haɗari. Ta sa bin hanyar tsoro a fili, mai shiga ta gefe ɗaya a fita ta wani, da takunkumi da tazarar ƙafa shida, a matsakaicin haɗari, ta kuma ƙara da cewa inda ake tsammanin ihu a ƙara tazarar. Ta yi gargaɗi cewa abin rufe fuska na shigar dodo ba ya maye gurbin takunkumi, kuma kada a ɗora shi a kan takunkumi domin zai iya hana numfashi. Wannan gargaɗin na ƙarshe ya fi shafar 'yan wasa, waɗanda aikinsu ke buƙatar rufe fuska da roba mai kauri suna tsalle suna ƙara.

Kamfanoni sun bi hanyoyi dabam-dabam. Disney ya soke bikinsa na dare na iyalai a Magic Kingdom tun a watan Yuni, ya bar kwalliyar kabewa kawai, ya kuma ba manya damar shigowa da shigar biki da rana. Knott's, wanda dokar jiharsa ba ta ba shi damar kunna lilo ba, ya mai da wurin dandalin cin abinci a fili. Six Flags da Busch Gardens na Tampa sun rufe gidajen cikin ɗaki, suka fitar da dodanninsu waje zuwa hanyoyi da filaye, da ƙayyade yawan masu shiga. Thorpe Park na Ingila ma ya karkata zuwa fili, kafin ƙasar ta koma kulle a ranar 5 ga Nuwamba.

Gwajin da ya fi cancantar nazari shi ne na Universal a Orlando. Bayan soke babban bikin, a tsakiyar Satumba ya buɗe gidaje biyu da aka riga aka gina, ɗaya kan amaryar Frankenstein, ɗaya kan aljanar haƙori ta tatsuniyar Turawa. Da rana aka buɗe su, ba tare da tikiti na daban ba. Baƙo yakan kama layi ta wayarsa don kada a taru a ƙofa. Ana shigar da mutane rukuni-rukuni da tazara a tsakani, kowa da takunkumi, kuma an kafa allunan roba masu kama da gilashi tsakanin 'yan wasa da baƙi. An gudanar da su har zuwa 1 ga Nuwamba.

Gwajin ya nuna cewa ana iya buɗe ƙofar gidan tsoro cikin annoba, amma ya kuma nuna farashin yin hakan. Na farko lissafin kuɗi ne. Ribar gidan tsoro tana cikin layin nan da ba ya yankewa. A ɗauka, don misali kawai, gida yana karɓar mutum ɗaya kowace daƙiƙa biyu, wato 1,800 a awa. Idan aka koma shigar da mutum huɗu kowane rabin minti, adadin ya faɗo zuwa 480, alhali 'yan wasa da masu kwalliya da masu gadi da wutar lantarki duk suna nan yadda suke. Wannan ne ya sa gida biyu a matsayin ƙari ga baƙin rana ya yiwu, bikin gidaje goma mai tikitinsa bai yiwu ba. Na biyu shi ne allon robar. Yana tare feshin da ya fito kai tsaye daga baki zuwa fuska, amma ba ya tare abin da ya riga ya gauraya da iskar ɗaki, kuma masana harkar iska sun yi gargaɗi cewa tarin alluna yana iya hana iska zagayawa. Allon yana kwantar da hankalin baƙo fiye da yadda yake tsabtace ɗakin.

A nan ne nake ganin yawancin muhawarar ta kauce wa mutumin da ya fi cancanta a duba. Kusan duk wanda ya kare buɗe gidajen tsoro da baƙo ya kafa hujja: yana shiga, cikin 'yan mintuna ya fito, bai daɗe kusa da kowa ba. Hujjar tana da ƙarfi idan baƙo ne kaɗai a ɗakin. Ɗan wasa kuwa yana nan a raminsa. Ana yi musu karɓa-karɓa, rukuni ya shiga wani ya huta, amma a tsawon yini yakan shafe sa'o'i a lungu guda yana shaƙar iskar da ɗaruruwan mutane suka yi ihu a cikinta. Kowane baƙo daƙiƙa biyu ya yi a gabansa, shi kuma ya tara daƙiƙun kowa.

Ba hasashe ba ne cewa ƙananan haɗuwa suna taruwa su zama kamuwa. A ranar 21 ga Oktoban 2020 CDC ta sauya ma'anar cuɗanya ta kusa, daga minti 15 a jere zuwa minti 15 a tare cikin awa 24. Abin da ya jawo sauyin shi ne wani ma'aikacin gidan yari a jihar Vermont wanda ya kamu bayan gajerun haɗuwa 22 da fursunoni masu ɗauke da cutar, waɗanda jimillarsu ba ta wuce kimanin minti 17 ba a aikin awa takwas. Yanayin aikin ɗan wasan gidan tsoro ya fi na wannan ma'aikaci yawan haɗuwa nesa ba kusa ba. Ga kuma ɗakin kwalliya, inda mai kwalliya ke manna masa roba da fenti a fuska, hancinsu kusa da juna, da ɗakin hutu inda ake cire takunkumi a sha ruwa. Waɗannan wurare baƙo ba ya ganinsu, kuma ba su cikin hotunan da kamfani ke nunawa idan yana bayanin matakan kariya.

Yawancin masu wannan aiki 'yan ƙwadago ne na ɗan lokaci, ana ɗaukarsu don makonnin bikin kawai, ba su da ƙarfin cewa a'a. Inda ma'aikata ke da ƙungiya an ga bambanci. Ƙungiyar 'yan wasan dandamali ta Actors' Equity, wadda a lokacin take wakiltar kimanin mutum 750 a Disney World, ta ƙi yarda mambobinta su koma aiki ba tare da gwaji ba, domin ba za su iya ba da tazara a kan dandamali ba, kuma sai a watan Agusta aka sasanta bayan an samar da wurin gwaji a harabar kamfanin. Amma dole a faɗi ɗaya gefen ma. Rufewa ita ma kan ma'aikaci take faɗawa. A ranar 29 ga Satumba Disney ya sanar da sallamar ma'aikata 28,000, yawancinsu masu aikin rabin lokaci. Wanda ya ce a rufe kawai, bai faɗi abin da waɗannan mutane za su ci ba, bai gama magana ba.

Gwamnatoci biyu sun ɗauki matsaya masu karo da juna, abin da ya ba masu nazari damar kwatantawa. A Fulorida gwamna Ron DeSantis ya ɗage yawancin takunkuman kasuwanci a ranar 25 ga Satumba, ya bar kamfanoni su tsara wa kansu. A Kalifoniya gwamna Gavin Newsom ya fitar da ƙa'ida a ranar 20 ga Oktoba cewa manyan wurare ba za su buɗe ba sai yaɗuwar cutar ta sauka zuwa mataki mafi ƙanƙanta a gundumarsu, kuma ko a lokacin da kashi 25 cikin ɗari na baƙi. Disneyland da ke jihar, wanda aka rufe a ranar 14 ga Maris 2020, bai buɗe ba sai 30 ga Afrilun 2021. Jami'an lafiya na gundumar Orange a Fulorida, inda Orlando take, sun sha faɗa cewa ba su gano ɓarkewar cutar da ta samo asali daga wuraren shaƙatawa ba, kuma masu goyon bayan buɗewa sun riƙe wannan magana. Tana da nauyi, kuma tana nuna cewa Kalifoniya ta tsaurara fiye da kima wajen hana ko da lilon fili. Sai dai ba ta isa hujjar wanke gidan tsoro ba. Baƙin Orlando daga wasu jihohi suke zuwa, wanda ya kamu a can sai ya koma gida alamun za su bayyana, kuma a ƙarshen Oktoba, da ƙasar ke samun kusan mutum 100,000 masu kamuwa a rana, bin sawun kowane mai ciwo ya fi ƙarfin ma'aikatan lafiya. Ban da haka, shaidar ta shafi wurare ne da yawancin harkarsu a fili take, da baƙi kaɗan, da takunkumi na dole.

Japan ta tunkari matsalar ta fuskar ihun kansa. Da wuraren shaƙatawarta suka buɗe a tsakiyar 2020, ƙa'idar da ƙungiyoyinsu suka fitar ta roƙi mahaya lilo da kada su ɗaga murya, har Fuji-Q Highland ya fitar da bidiyon shugabanninsa biyu suna hawan jirgin Fujiyama da takunkumi ba tare da sun yi ƙara ba. A lilo ana iya roƙon haka. A gidan tsoro ba ya yiwuwa, domin ihun shi ne alamar aiki ya yi kyau. Wata ƙungiyar masu shirya wasan tsoro a Tokyo mai suna Kowagarasetai ta gane haka, sai ta sauya tsarin gaba ɗaya. Baƙi suna zaune a cikin mota a rufaffen gareji, gilasai a ɗage, 'yan wasa suna dukan motar suna shafa mata jinin ƙarya daga waje. Kowa ya yi ihunsa a cikin iskarsa. A ganina wannan ya fi allon roba gaskiya, domin ya raba iskar baƙo da ta ɗan wasa da gaske. Matsalarsa ita ce mota ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, don haka ba zai ciyar da wurin da ke karɓar dubban mutane a dare ba.

Abin da ya dawo da babban bikin shi ne riga-kafi. An fara allurar a Amurka a ranar 14 ga Disambar 2020, kuma a ranar 3 ga Satumbar 2021 Universal ya buɗe karo na 30 a Orlando da gidaje goma, duk da cewa nau'in cutar mai suna Delta yana yaɗuwa a Fulorida. A gundumar Los Angeles, daga 7 ga Oktoba, sai da shaidar riga-kafi ko ta gwaji ake shiga manyan wuraren shaƙatawa. Ginin gidan tsoro bai canja ba, lungunan suna nan da ƙuncinsu. Abin da ya canja shi ne yiwuwar ɗan wasan da ya kamu ya kai ga kwanciya a asibiti. Ƙasar Sin, wadda ta ɗauki manufar kawar da cutar baki ɗaya, ta nuna ɗaya ƙarshen. A daren Halowin na 2021 an rufe ƙofofin Disneyland na Shanghai saboda mutum ɗaya da ya ziyarci wurin, aka yi wa sama da mutum 30,000 gwaji kafin su fita, kuma a ranar 31 ga Oktoban 2022 aka sake rufe wurin da baƙi a ciki. Inda hukuma ba ta yarda da ko da kamuwa ɗaya ba, babu bikin da za a iya tsarawa da tabbaci.

Wannan sana'a ta taɓa sauya gininta saboda rai. A ranar 11 ga Mayun 1984 gobara ta tashi a gidan tsoro na Six Flags Great Adventure a jihar New Jersey, matasa takwas suka mutu a cikin duhun lungunansa. Bayan haka aka tsaurara dokokin gini ga irin waɗannan wurare: na'urar gano hayaƙi, famfunan feshin ruwa a rufi, alamun mafita da ke haskawa idan an shiga haɗari. Ba a bar wa kamfani ya zaɓa ba, kuma gidajen tsoro ba su mutu saboda haka ba. Iskar ɗaki ta cancanci irin wannan doka: a ƙayyade yawan sabuwar iskar da dole ta shiga kowane lungu, a auna ta a inda ɗan wasa yake tsaye, a sa ɗakin kwalliya da na hutu cikin lissafi, a biya ɗan wasan da ya zauna gida don ba shi da lafiya.

Hukuncin da shaidun suka kai ni gare shi shi ne, wurin shaƙatawa zai iya yin Halowin cikin annobar da ke bin numfashi matuƙar a fili ne, da ƙayyade baƙi da takunkumi. Rufaffen gidan tsoro kuwa bai kamata a buɗe shi ba sai ma'aikatan da za su tsaya a cikinsa sun sami riga-kafi.